Wa Ke Ƙidayar Gajimare a Saman Boɗinga?

Matafiyin da ya bar birnin Sakkwato ya miƙi hanyar Jega, kafin ya kai Shagari zai ratsa mutane iri biyu da abincinsu ya rataya a kan kallon sama. Na farko yana filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, jim kaɗan da fita gari: ma'aikacin hukumar yanayi ta NiMet da kan fito fili a kan lokaci, ya ɗaga kai, ya koma ofis ya rubuta lamba. Na biyu manomi ne, shi ya cika gonakin dama da hagu, daga Sifawa zuwa Boɗinga har ƙasar Shagari. Shi ba ya rubuta komai, amma in ya yi kuskuren karatun sama, iri ya tafi, wani lokaci har da wahalar shekara.

A shekaru arba'in da suka wuce duniya ta samu mai kallo na uku: kyamarar da ake kafawa a kan rufi, tana ɗaukar hoton sama gaba ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan, sau biyu ko fiye a minti guda, kwamfuta kuma ta faɗi kashi nawa gajimare ya rufe. Labarin yadda aka kai ga wannan na'ura ya shafi ƙasar Sakkwato fiye da yadda ake zato, domin irin samaniyarta na cikin waɗanda suka fi ba ta wuya.

Manomi ya riga kowa. Daminar wannan yanki gajeruwa ce: ruwa kan kankama a Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, abin da ake samu a shekara kuma bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Mai noman gero a jigawa da irin wannan ɗan lokaci ba shi da sukunin yin shuka sau uku. Shi ya sa tun watan Mayu ido na gabas. Hadarin da ya haɗo daga can, gindinsa baƙi ƙirin, ya turo jar ƙura da iska mai sanyi a gaba, shi ake kwashe wa shanya, a ɗaure dabbobi, masu bizne su yi hamdala. Wanda ya taru a yamma kuwa galibi ya riga ya wuce, rabon mutanen Argungu ne. Masu bincike na zamani sun zo sun tarar da magana haka take: manyan hadarurrukan Sahel a jere suke tafiya daga gabas zuwa yamma, da gudun kimanin kilomita 50 a sa'a, kuma su ke kawo mafi yawan ruwan shekara.

Bayan idon manomi akwai lissafin malamai. Ƙasar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, ba baƙuwar alƙalami ba ce. Masu hisabi sun raba shekara zuwa taurari 28, kowane na da kwana 13, ɗaya kuma 14, jimla 365. Bakwai daga ciki na damina ne: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Tsari ne mai kyau ƙwarai, ya ba manomi kalandar rana wadda ba ta zamewa kamar watannin Hijira, har wani Bature masanin adabin Hausa, Mervyn Hiskett, ya yi rubutu a kansa a 1967. Sai dai tauraro lokacin da ya kamata ruwa ya zo yake faɗi. A 1973 da 1984 taurarin damina sun shiga a kan kari, ɗaya bayan ɗaya, gero kuwa ya bushe a tsaye.

Shi ma'aikacin filin jirgi gadonsa daga wata hanya ya biyo. A Disambar 1802 wani mai harhaɗa magunguna a Landan, Luke Howard, ya gabatar da laccar da ta raba gizagizai gida-gida, kowane da sunansa. A 1896 aka buga kundin hotunan gajimare na duniya karo na farko, don mai lura da ke Indiya da na Ingila su riƙa kiran abu ɗaya da suna ɗaya. A Nijeriya an soma ajiye bayanan yanayi tun ƙarshen ƙarni na 19 a bakin teku, daga baya tashoshi suka hauro Arewa, hukumar NiMet ta yanzu kuma dokar 2003 ce ta kafa ta.

Ma'aunin da aka daidaita a kai mai sauƙi ne. Mai lura zai raba sama kashi takwas a zuciyarsa, kowane kashi ana ce masa okta. In sama ta yi tas, sifili. In gari ya yi lumshi babu ko ɓula, takwas. In rabi ne, huɗu. Akwai kuma lamba ta tara, wadda ba ƙidaya ba ce, shaida ce cewa saman ma ba a ganin ta, ko don hazo ko don ƙura. Wannan lamba ta tara za ta dawo cikin labarin. A gefen mai lura, a tsofaffin tashoshi, akwai wani dunƙulen gilashi da ke tattara hasken rana ya ƙona kati. Tsawon ƙunar shi ne sa'o'in da rana ta haska a wunin. John Francis Campbell ya ƙirƙiro shi a 1853, George Stokes ya gyara shi a 1879, kuma ya yi wa ƙasashe da dama aiki fiye da shekara ɗari ba tare da batir ba.

Ido yana da gwaninta, yana kuma da aibu. Mutum biyu za su tsaya wuri ɗaya, wannan ya ce biyar, wancan ya ce shida. Gizagizan da ke can gefen sama kan yi kamar sun cunkushe alhali akwai tazara tsakaninsu, sai a ƙara musu kashi. Da dare in babu farin wata, siririn gajimaren can ƙololuwa sai ya wuce ba a gan shi ba. Uwa uba, tsakanin leƙe da leƙe akwai sa'a guda, a wasu tashoshin sa'a uku, hadarin Sahel kuwa yana iya haɗuwa, ya zuba, ya watse a cikin wannan ratar. Ga ƙarancin tashoshin kansu: an daɗe ana kukan cewa yawansu a Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta nema ba. Abin da aka rubuta a filin jirgi shi ake ɗauka a matsayin saman Boɗinga da Yabo da Shagari gaba ɗaya, ko da an kwana ana ruwa a Sifawa ba a ga ɗigo a Shagari ba.

Tunanin a bar wa kyamara aikin ya girmi kwamfuta. A 1924 Robin Hill na Kambirij, masanin sinadaran tsirrai da kallon gajimare ya zame masa abin sha'awa, ya tsara wani gilashin kyamara mai haɗiye sama duka a hoto ɗaya, kamfanin Beck na Landan ya ƙera. Shi ne kakan gilashin nan da ake kira idon kifi. Amma hoto kawai yake bayarwa, ƙidaya tana nan a hannun mutum, sai an wanke fim an zauna an duba.

Sauyi na gaske ya zo a 1984, lokacin da wani rukunin masana a cibiyar Scripps da ke San Diego a Amurka, cikinsu har da Janet Shields, suka haɗa irin wannan gilashi da kyamarar lantarki da kwamfuta. Dabararsu har yau ita ce ginshiƙin yawancin na'urorin, kuma ba ta da wuyar ganewa. Sama tana yin shuɗi ne domin iska ta fi watsa shuɗin haske a kan ja. Ɗigon ruwan da ke cikin gajimare kuwa bai zaɓi launi ba, duka yake watsawa, shi ya sa gajimare ke fitowa fari ko toka-toka. To sai kwamfuta ta bi hoton ɗigo-ɗigo, tana gwada yawan ja da yawan shuɗi. Inda shuɗi ya rinjaya, fili ne. Inda suka yi kunnen doki, gajimare ne. Ta tara, ta raba, ta ba da kashi cikin ɗari.

A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Yankee Environmental Systems na jihar Massachusetts ya fito da wata mai rahusa, bisa aikin wani masani, Charles Long. Maimakon kyamara ta kalli sama, sai ta sunkuya tana kallon wani madubi mai kama da kifaffen kwanon sha, saman duka na cikinsa, da wani baƙin zirin da ke juyawa yana bin rana don kada haskenta ya kashe hoton. Kowane daƙiƙa 30 sai hoto. Abin da mai lura ke yi sau 24 a kwana, in ya ƙoƙarta, na'ura na yin sa fiye da sau dubu tsakanin fitowar rana da faɗuwarta.

Amurkawa sun riga sun ɗanɗana kuɗar gaggawar sallamar mutum. A shekarun 1990 suka maye gurbin masu lura a ɗaruruwan filayen jirgi da tashoshi masu sarrafa kansu. Na'urar da aka ɗora wa aikin gajimare tana harba hasken leza tsaye ne, ta auna tsayin abin da ke daidai kanta, sannan ta ƙiyasta rufin sama daga abin da ya gifta cikin minti 30. Ga matuƙin jirgi wannan ya wadatar. Amma na'urorin farko ba sa ganin abin da ya haura ƙafa 12,000, don haka gizagizan ƙololuwa suka ɓace daga littafi dare ɗaya. Mai nazarin sauyin yanayi da ke son kwatanta saman 1970 da na 2000 sai ya tarar da tsagi a tsakiyar bayanansa, ba don sama ta canza ba, don an canza mai kallo. Duk hukumar da ke shirin sayen sababbin kaya ya kamata ta karanta wannan babi: a bar tsohon mai lura da sabuwar na'ura su yi aiki kafaɗa da kafaɗa na wasu shekaru kafin a ce wa ɗaya ya huta.

Gwajin da ya fi shahara kusa da Sakkwato a Yamai aka yi shi, tazarar da ba ta kai kilomita 400 a miƙe ba. A 2006 shirin ARM na Ma'aikatar Makamashin Amurka ya kafa tasharsa ta tafi-da-gidanka a filin jirgin saman Yamai, ta shekara tana aiki, da wani reshe a ƙauyen Banizumbu. An kawo mai madubin nan, da na'urorin leza, da rada mai leƙa cikin gajimare, ana haɗa abin da suka gani daga ƙasa da abin da tauraron ɗan Adam na Meteosat-8 ke gani daga sama. Anthony Slingo na Jami'ar Reading ta Ingila ne ya jagoranci ɓangaren binciken. A farkon Maris na shekarar wata gagarumar ƙura ta taso daga arewacin Sahara, ta lulluɓe Yamai, ta zarce Nijeriya har bakin teku. Hasken ranar da ke isa ƙasa da tsakar rana ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, ba tare da hadari ba.

A nan gizo ke saƙar. Ƙwayar ƙura babba ce in an gwada ta da ƙwayar iska, don haka ita ma, kamar ɗigon ruwa, ba ta cika zaɓen launi ba. Ranar da buji ya sauka a Boɗinga cikin Janairu, ƙurar da ta taso daga kwarin Bodele na Chadi ta mai da sama fari fat, ja da shuɗi sun yi kusa da juna a kowane ɗigon hoto. Manhajar da aka daidaita a saman Oklahoma ta Amurka akwatuna uku gare ta: fili, siririn gajimare, kaurin gajimare. Babu na ƙura. Sai ta ce sama ta rufe, a ranar da yaron da ke kiwon awaki ya san ko kusa babu batun ruwa. Tsohon mai lura yana da lamba ta tara da zai rubuta ya wanke kansa. Na'urar farko ba a koya mata cewa ba ta gani ba.

An samu hanyoyin rage matsalar. Akan tara hotunan ranakun da babu gajimare, a gina ma'ajiyar yadda sama ke kasancewa a kowane tsayin rana da kowane kaurin hazo, a riƙa gwada sabon hoto da ita. Akan kuma haɗa kyamara da na'urar auna ƙura, irin wadda ke aiki a Jami'ar Ilori tun 1998 a ƙarƙashin tsarin AERONET na hukumar NASA. Sannan ga kyamarori masu ganin ɗumi maimakon launi, irin waɗanda Joseph Shaw ya yi aiki a kai a Jami'ar Jihar Montana, da wadda kamfanin Reuniwatt na tsibirin Reunion ke sayarwa. In an kalli sama daga ƙasa, gindin gajimare ya fi sararin da ke bayansa ɗumi, dare ko rana. Ga ƙasar da hadari ya fi son yamma da tsakar dare, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Daga can sama kuma labarin ya fi sauri. An harba Meteosat na farko a 1977. Zuriya ta biyu, wadda ta fara a 2002, tana ɗaukar hoton Afirka duk minti 15 daga nisan kilomita kusan 36,000. Ta uku, da aka harba a Disambar 2022, duk minti 10, har da ƙidayar walƙiya. Tauraron ɗan Adam ƙoƙon kan hadari yake gani, kuma gwargwadon tsayin hadari gwargwadon sanyin kansa. Da wannan ne rukunin TAMSAT na Reading ke ƙiyasta ruwan da ya sauka a wuraren da babu ma'auni, bayanansu kuma sun faro daga 1983. Da irin waɗannan hotuna ne Christopher Taylor da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Nature a 2017 cewa hadarurruka mafi tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Wanda ya ga ambaliyar 2010 a kwarin Rima ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ruwa ya dawo bayan shekarun fari, amma da wani hali: zubowa ɗaya mai rushe katanga, sannan tsaiko.

To me kyamarar kan rufi za ta ƙara wa mutumin Shagari? Gaskiya, in don gargaɗi ne, kaɗan. Hangenta bai wuce abin da zai faru nan da minti 15 zuwa 30 ba, manomin da ke tsaye a gona kuwa ya riga ya ji sanyin iska ya saɓa fartanya. Masu cin moriyar wannan ɗan lokaci su ne manyan tashoshin lantarki na hasken rana, irin mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso ta Kano a 2023, ko ta Gorou Banda a Yamai mai megawat 30. Gajimare ɗaya na iya zabge musu fiye da rabin wuta cikin daƙiƙoƙi, minti goma na sanarwa kuma ya isa a tayar da janareta ko a juya kan batir. Fanfon sola na rijiyar burtsatse a ƙauye ba ya buƙatar wannan hidima. In rana ta ɓuya ya huta, in ta fito ya ci gaba.

Amfaninta a nan ajiya ne. Manomi yana ganin sama sarai, amma ba ya iya miƙa wa jikansa yadda saman Agustan 1988 ta kasance sa'a bayan sa'a. Mai tsara rabon ruwa a madatsar Shagari yana buƙatar sanin yawan ranar da ke faɗa wa tafki da fadamu, domin ita ke ƙayyade abin da zai ƙafe da abin da albasa da shinkafa za su sha. Tauraron ɗan Adam kuma yana buƙatar mai gaskata shi daga ƙasa, musamman a kan farin yashi da hazo inda shi ma yakan ruɗe. Hasashen damina da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda yanzu ake fassarawa zuwa Hausa, ƙarfinsa daidai yake da ƙarfin bayanan da aka zuba masa. Ko maganar ganin wata, wadda duk ƙasar ke jiran sanarwarta daga fadar Sarkin Musulmi, gajimare da hazon yammacin ranar 29 na cikin masu yanke hukunci, azumi kuwa yana zagayawa: a 2012 cikin damina ya faɗo, a 2025 a ƙarshen hunturu.

Kuɗin na'urar ma ya daina zama hujja. Ɗalibai a ƙasashe da dama suna haɗa ta da kyamarar tsaro mai idon kifi da 'yar kwamfutar Raspberry Pi. In aka kafa biyu da 'yar tazara, bambancin hotunansu yana ba da tsayin gajimare. A arewa maso yammacin Jamus, kewayen Oldenburg, cibiyar DLR ta shimfiɗa jerin irinsu da take kira Eye2Sky. Sakkwato ba ta rasa masu hannu ba: Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana aikin hasken rana tun farkon shekarun 1980, garin Shagari kuwa shi ya haifi malamin da ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato a shekarun 1940 kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Abin da ya yi tsada yanzu shi ne hoton da aka tantance. Sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira ba a rubuta musu ƙa'idar ja da shuɗi. Misalai ake loda musu, dubbai, kowannensu mutum ya riga ya shata masa inda gajimare ya tsaya. Tarin da aka fi amfani da su sun fito ne daga wurare irin Singafo, inda Jami'ar Nanyang ta fitar da hotuna 1,013 da aka shata da hannu, da Jami'ar Stanford ta Kalifoniya mai hotunan 2017 zuwa 2019. Kyawawan ayyuka ne, amma manhajar da ta yi karatu a can ba ta taɓa ganin holoƙo ba, ba ta san jar ƙurar da ke gaban hadarin Yuni ba. Wanda zai iya duban hoton saman Boɗinga ya ce wannan buji ne, wancan siririn gajimare ne a bayan buji, shi ne ma'aikacin nan da ya shafe shekaru yana fita fili da littafinsa, kuma irinsu ritaya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuma aikin da ba ya shiga takardar kwangila. Murfin gilashin kyamara na tara ƙura da raɓa da kashin tsuntsu, zafin Afrilu mai haura digiri 40 yana dafa kayan lantarki, batir na mutuwa, katin ajiya na cika. A tashoshin bincike na duniya akwai wanda aikinsa ke nan, ya hau ya goge gilashi sau da yawa a mako. A Boɗinga, daga Disamba zuwa Fabrairu, gogewar ta kullum ce, kuma sai an sa albashin mai yin ta a kasafin kowace shekara, ba na shekarar yanke kyalle kaɗai ba.